Muryar Muntaka a Zauren Jidda

Shekara ashirin da shida Na'ibi ya yi a Jidda yana ɗinkin labule da rigunan kujeru a wani shago a Bani Malik. Bahaushen Sudan ne, haifaffen Gadarif, kuma tun yana saurayi ba ya jin labarai a rediyo ya bar su su wuce bai tanka ba. Da babbar waya ta zo hannunsa sai ya buɗe wani zaure a WhatsApp, ya raɗa masa suna Zauren Jidda. Da abokan shan shayinsa bakwai ya fara. Kafin shekara huɗu sun kai mutum ɗari biyu da arba'in, 'yan Najeriya da 'yan Nijar da 'yan Sudan, masu iƙama, wato takardar izinin zama, da waɗanda suka zo umara suka maƙale. Doka ɗaya ya kafa, kuma ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: a caccaki gwamnatocin gida yadda ake so, amma kada wanda ya taɓa ƙasar da ake zaune a cikinta.

Cikin masu yawan magana akwai wani Muntaka, mutumin ƙasar Gumel, mai gadin wani sito a Khumra. Shi ba ya rubutu, sai dai ya turo murya. Murya ce mai kauri, ga fanka tana kaɗawa a bayanta kullum. Shi da Na'ibi ba su taɓa haɗuwa a kan ra'ayi ɗaya ba, ba su kuma taɓa haɗuwa ido da ido ba. In gardama ta yi zafi sai Muntaka ya ce, “Malam Na'ibi, wata Juma'a zan zo har shagonka in kayar da kai a gaban keken ɗinkinka.” Na'ibi ya ce shayi na jiransa. Haka suka yi ta yi shekara huɗu.

A lokacin da aka yi juyin mulki a Nijar, zauren ya kama da wuta. Ana ta raɗe-raɗin za a tura sojoji, 'yan Maraɗi da 'yan Katsina suna jifan juna da magana kamar ba uwa ɗaya ta haifi kakanninsu ba. Akwai ranar da saƙonni suka haura ɗari shida. Na'ibi yana taka keke da ƙafa, yana amsawa da yatsa.

Bayan mako uku, da hantsi, wata mata ta tsaya a ƙofar shagon. Ta manyanta, tana haki saboda zafi.

“Kai ne mai zaure?”

“Ni ne, Hajiya. Bismilla, shigo daga rana.”

“Sunana Zubaidatu. Tuwo nake sayarwa a Balad. Ina cikin zaurenka, amma ban taɓa cewa uffan ba.” Ta zauna a kan wata kujera da ba a gama rufewa ba. “Muntaka bai zo cin tuwo ba Juma'a uku ke nan. Shekara tara bai taɓa fashi biyu a jere ba. Wayarsa a kashe.”

Na'ibi ya buɗe baki zai ce ai ko jiya ya ji shi, sai ya tsaya. Bai ji shi jiya ba. Ya ɗauki waya ya yi ta ja baya, yana wuce hotuna da zage-zage, har ya kai wata Talata, ƙarfe ɗaya saura na rana. Ga saƙon Muntaka na ƙarshe, daƙiƙa arba'in da ɗaya. Alamar da ke jikinsa ta nuna Na'ibi ya taɓa buɗe shi. Nan take ya tuna. Ya danna, ya ji tari da “Jama'a”, ya ɗauka ci gaban gardama ne, ya katse ya tafi ba wani amsa.

Ya sake dannawa, Zubaidatu tana sauraro.

“Jama'a, ku yi haƙuri, yau ba siyasa ba ce. Ƙirjina ne. Tun safe kamar an ɗora mini bulo. Ba ni da takarda, ina tsoron asibiti. In akwai mai mota kusa da Khumra, don Allah. Bayan sitocin taya, ƙofa koriya.” Daga nan sai numfashi, sai fanka, har saƙon ya ƙare.

Abin da ke ƙarƙashinsa, a cikin minti ɗaya, rubutun Na'ibi ne da kansa, dogon sharhi a kan rufe iyaka.

Suka ɗauki tasi zuwa Khumra. Ƙofar tana nan koriya, an sa mata sabon kwaɗo. Wani leburan Bangaladash ya ce sai bayan kwana biyu aka farga ya rasu, hukuma ta zo ta ɗauke shi, bai san inda aka kai shi ba. Na'ibi ya kira Mus'ab, ɗan wani amininsa da ke kiransa Ammu, wato baffa, haifaffen Jidda, magidanci mai tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya. Kwana huɗu Mus'ab yana bin ɗakunan ajiye gawa, waɗanda a nan ake kira tallaja, kafin ya kira.

“Ammu, na samu wani. An rubuta majhul, ya'ani ba a san shi ba. Lazim, dole wani ya zo ya gani.”

Na'ibi da Zubaidatu suka je. Da ma'aikacin tallajar ya jawo akwatin ya yaye ƙyallen, ya dubi Na'ibi ya tambaye shi ko shi ne. Na'ibi ya kalli fuskar. Siririn mutum ne, gemunsa ya yi fari, ga wani tabo a gira. Shi kuwa a ransa Muntaka ƙato ne mai faɗin ƙirji, daidai da muryarsa. Ya tsaya kamar an dasa shi, sanyin ɗakin yana shiga ƙashinsa.

“Ban san shi ba,” ya ce da Hausa. “Wallahi ban san fuskarsa ba.”

Zubaidatu ta matso, ta duba, ta ce, “Shi ne. Allah ya jiƙanka, Muntaka.”

Sanin fuska bai isa a ba da gawa ba. Ana son cikakken suna, da takardar yardar dangi daga gida. Babu wanda ya san sunan mahaifinsa, ko ita Zubaidatu. Sai Na'ibi ya koma farkon zauren ya fara sauraron duk abin da Muntaka ya taɓa turowa, ɗaya bayan ɗaya, ko zai ambaci wani abu. Kwana shida yana yi. Ya jingina wayar a jikin keke, mamaci yana ta gardama a kan kuɗin mai da zaɓe da farashin taki, yana dariya, yana kiran sunansa. Wani lokaci Na'ibi yakan manta ya buɗe baki zai ba shi amsa. A rana ta shida ya ji inda Muntaka yake cewa a taya shi murna, 'yarsa Fauziyya ta haihu, ya kuma faɗi sunan ƙauyen. Ta nan aka samo dangi. An binne shi bayan kwana hamsin da biyu da rasuwarsa. Mutum biyar ne suka raka shi.

Daga nan Na'ibi ya kasa komawa yadda yake. In ya tsayar da keke, shagon ya yi tsit, sai ya ji kamar an yi tari a bayansa. Fankar shagon ma ya kashe ta, ya gwammace gumi. A zaure kuwa an yi ta'aziyya yini guda, an jera addu'o'i, washegari aka koma kan maganar sojoji.

Sai Na'ibi ya rubuta cewa zai yi wa Muntaka sadaka a gidansa ranar Juma'a bayan la'asar, kowa ya zo. Mutum goma sha huɗu suka zo. Yawancinsu ba su san juna ba sai an faɗi suna, sannan ka ji an ce, “Au, kai ne?” Bayan an shafa fatiha, Na'ibi ya ajiye wayar a tsakiyar tabarma ya kunna saƙon. Babu wanda ya motsa har ya ƙare.

“Ni na buɗe shi ran nan, na katse,” in ji Na'ibi. “Akwai wanda ya ji shi har ƙarshe?”

Can Zaharaddeen, direban wata motar kaya wanda ya fi kowa zafin baki a zaure, ya ɗaga hannu bai ɗaga kai ba.

“Na ji. Ina Khumra a ranar, ina sauke kaya. Na ce mutum ɗari biyu, ai wani zai je.”

Wasu biyu suka ce su ma haka.

Na'ibi ya ce, “Shekara huɗu muna gyara ƙasashe uku da baki. Ina so mu mayar da zauren nan wani abu mai ƙafafu.”

Zaharaddeen ya ɗago da sauri. “Ƙungiya kake nufi? A nan? Malam, kai kana da iƙama, mafi munin abin da zai same ka a soke ta. Rabin mutanen nan ko inuwar ɗan sanda ba sa so su taka. Ka tara sunayensu wuri ɗaya, waya ɗaya ta faɗa hannun da bai dace ba, halas, ka gama da su.”

Gaskiya ya faɗa, kowa ya sani. Zubaidatu ce ta yi magana daga bakin ƙofar kicin, inda take zaune da matar Na'ibi.

“Wa ya ce a tara? Ni ban yi boko ba, amma na san mutum sittin da ke cin tuwona, na san ranar zuwan kowa. Kowane mutum ya riƙe biyu. Ya san sunan ubansu, da garinsu, da ƙofar da suke kwana a bayanta, da lambar wani nasu a gida. A ka zai riƙe, ba a waya ba. In kwana biyu bai ji ɗuriyarsu ba, ya taka ya je. Ba shugaba, ba suna, ba hatimi. Wa zai kama mutum don ya gaida maƙwabcinsa?”

“Siyasar fa, Hajiya?” wani ya tambaya.

“Ku kai ta inda take da amfani. Kuna da 'yan'uwa a gida masu ƙuri'a. Su je su tsaya a ƙofar waɗanda suka zaɓa, su tambaye su me ya sa ɗan ƙasa zai kwana hamsin a cikin ƙanƙara.”

A ranar aka raba gari. Zaharaddeen ya ɗauki Khumra, bai jira an roƙe shi ba. Zubaidatu ta ɗauki Balad, Na'ibi Bani Malik, Mus'ab kuma asibitoci. Aka buɗe wani ƙaramin zaure na neman agaji kawai, wanda duk ya sa gardama a ciki a fitar da shi. Da Na'ibi ya sanar a babban zaure, mutum tamanin suka fice cikin kwana biyu, wasu har da toshe lambarsa. Majid, kafilinsa, wato wanda ya tsaya masa a iƙama, ya kira shi gefe ya ce ya ji ana yawan sallama a shago, shi dai labule ya sani, kada a jawo masa abin da ba labule ba. Na'ibi ya ce to, ya mayar da ganawa zuwa harabar masallaci.

Abin ya tafi a hankali, da tuntuɓe. Akwai wanda aka je dubawa ya kore su da zagi, yana zaton 'yan leƙen asiri ne. Akwai wata tsohuwa a Balad da aka iske ta riga ta cika, amma ita kwana uku kawai ta yi aka sallace ta da sunanta. Cikin shekara guda sun kai mutum tara asibiti, bakwai sun tashi. A gida kuma, 'yan'uwa a Kano da Damagaram da Gadarif suka fara haɗuwa, suna rubuta takardun koke, suna neman a sa wanda zai riƙa bin sawun gawarwakin da ba a san masu su ba.

Ana cikin haka aka yi samame a Balad. Zubaidatu tana kan kwashe tuwo aka tafi da ita, shekara goma sha bakwai ba ta da takarda. Mako biyar tana tsare kafin a sa ta a jirgi. Mutanenta sittin kuwa ba su watse ba, don kowannensu yana riƙe da biyu. Bayan wata biyu ta turo wa Na'ibi hoto daga Kano: mata kusan talatin a tsaye cikin rana a bakin ƙofar ƙarfe ta wani ofishin gwamnati, kowace ta ɗaga hoton wani nata da ya tafi umara aka daina jin labarinsa. Ita tana gaba, ta rame, ba ta murmushi.

Yana cikin kallon hoton Mus'ab ya kira.

“Ammu, akwai wani kuma. Wata huɗu yana nan. Yalla, in kana da lokaci.”

Na'ibi ya rufe shago ya tafi. Wannan matashi ne, bai fi talatin da biyar ba, da tsagen Gobirawa a kumatu, yatsansa ɗaya na hagu guntu. An tsince shi a gindin wata gada, babu waya, babu komai a aljihu. Na'ibi ya daɗe yana kallonsa, har ma'aikacin ya fara gyaran murya. Ya fito harabar asibitin, ya zauna a inuwa, ya faɗi kamanninsa dalla-dalla ya tura wa Khumra da Balad da Kano.

Har la'asar babu wanda ya san shi. Washegari wata mata daga Maraɗi ta ce a duba mata ko yana da gibi a haƙoran sama. Na'ibi ya koma ya roƙi a sake buɗewa. Ba shi da gibi. Ya gaya mata, ta yi godiya, ta ce za ta ci gaba da jira. Aka mayar da akwatin, shi kuma ya nemi tasin da zai kai shi Bani Malik.