Taken da Inna Ta Ƙi Faɗar Mai Shi

Wata huɗu ke nan da Tinni ya ɗauko mahaifiyarsa daga Namaro ya kawo ta Yamai, don ƙafafunta sun fara gardama kuma ba mai ɗebo mata ruwa. Ƙafafu dai sun yi sauƙi, amma tsohuwa Bibata ta yi shiru. Ba ciwo, ba fushi, shiru kawai. Tana wuni a kan tabarma jingine da bango, in matarsa Mintu ta kawo dambu ta ɗan taɓa ta ture. Abin yana cin ran Tinni ƙwarai, don shi kaɗai ta haifa, kuma gani yake kamar ya tumɓuke ta ne ya dasa inda ba za ta kama ba.

Wata Lahadi da la'asar ya ajiye tasinsa a ƙofar gida ya shigo cin abinci. Talabijin na ta surutu ba mai kallo, ana wani fim na saurayin da zai tafi ci-rani. Daidai inda saurayin ya shiga kwalekwale sai aka saki kiɗan molo a hankali, ba waƙa ba kirari. Tinni na kai loma ya hangi babban yatsan ƙafar Inna yana motsi. Ya ɗaga ido. Wallahi murmushi take yi, har da gyaɗa kai! Kiɗan bai cika minti ɗaya ba aka yanke shi.

"Inna, kin san kiɗan nan? Na wane ne?"

Tsohuwa ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta juya wajen bango. Ya sake tambaya, ta yi kamar ba da ita ake ba. Tinni ya ce a ransa, shi ke nan, mantuwar tsufa ta fara. Amma ya ga abin da kiɗan ya yi mata, ya kuwa rantse sai ya nemo shi ko a ina yake.

To, Allah ya ba Tinni hannun tuƙi, bai ba shi murya ba. Kwana uku duk wanda ya shiga tasinsa sai ya rera masa da hanci ya tambaye shi ko ya san wannan. Wata mata ta ce, "Sannu, haƙori ne?" Wani alhaji ya ce a sauke shi nan, ya fasa tafiyar. A rana ta huɗu ya je wurin taubashinsa Kimba, mai zuba waƙoƙi a waya a bakin kasuwa. Kimba ya kara masa waya a baki, irin mai gane kiɗa, ya ce rera. Tinni ya rera iya ƙarfinsa. Waya ta yi ta juyi, ta ce ba ta sani ba.

"Ka ga ko waya ta ji tsoro," in ji Kimba. "Wannan ai injin niƙa ne ya sha tsakuwa."

"Uban gidanka kake yi wa haka, bawa?"

"Wa ye bawan wani? Kawo wayarka nan."

Zolaya dai zolaya, amma Kimba ya tono fim ɗin ya yanko masa gurbin. Sun duba sunayen ƙarshe ɗaya bayan ɗaya, har mai dafa wa 'yan wasa abinci an rubuta, mai molo ko oho. Tinni ya kai gida ya kunna wa Inna. Ta saurara, ta dubi Mintu ta ce, "Ba nan ya ƙare ba." 

Kimba ne ya ce ya ƙetare gada ya je unguwar Harobanda ya nemi tsoho Nyandu makaɗin molo, in shi bai sani ba to a haƙura. Tinni ya same shi da hantsi a gindin bishiyar bedi yana ɗaure tsirkiyar molo. Aka gaisa, aka tambayi gida da gajiya, sannan ya kunna waya. Ko numfashi uku ba a yi ba tsoho ya ɗaga hannu.

"Kashe. Wannan take ne, kuma kowane take da mai shi. Ba a faɗa wa mutum sai an san ko shi wane ne. Ɗan wa ke nan?"

"Tinni, ɗan Sumana na Namaro."

Nyandu ya ajiye molo ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi. "Sumana mai keke? Kai jama'a! Ka ƙone mai, ka ƙetare kogi, don ka tambaye ni sunan ubanka?"

 Tinni yana rarrafe mahaifinsa ya rasu, yana ɗan shekara bakwai kawunsa ya kawo shi birni. Ban da sunan, bai san komai game da mutumin ba.

Nyandu ya ba shi labari. Shekarar da Sumana ya dawo daga Kumasi, da sabon keke ya shigo gari, na farko da aka taɓa gani a Namaro. Maigidan Nyandu, wanda ya koya masa molo, ya tare shi a bakin kogi da kiɗa. Sumana ya sauko, ya miƙa masa keken, ya taka da ƙafa zuwa gida. A ranar makaɗin ya yi masa wannan take. "Yaran yanzu suna kaɗa shi a biki da fim, ba su san mai shi ba."

"To, Baba, me ya hana Inna ta faɗa mini?"

"Kai, girman birni! Ka taɓa jin ta kama sunansa tun da aka haife ka? Ka tsare tsohuwa da tambaya, so kake ta ambaci mijinta, kuma a gaban ɗan fari? Ai ta yi maka kirki da ba ta jefe ka da ludayi ba."

Kunya ta kama Tinni, daɗi kuma ya cika shi har ya rasa inda zai sa hannuwansa.

Ran Juma'a bayan masallaci ya ɗauko Nyandu a kujerar gaba, molo a cinya. Mintu ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Tsoho ya ce al'ada ce ɗan mai take ya miƙe in ana kaɗa shi, Tinni kuwa ya miƙe tsaye ƙiƙam, hula a hannu. Kiɗa ya wuce inda fim ya yanke, ya gangara, ya sake hawa. Can sai Inna ta taɓa gwiwar Mintu.

"Ce wa makaɗin nan yana sauri. Mutumin takawa ya yi zuwa gida, ba kora aka yi masa ba."

"Gaskiyarki, Hajiya," in ji Nyandu, ya sassauta hannu.

"Yawwa. Ina bakin kogi ina wanki ranar," ta ce, har yanzu da Mintu take. "Na ce a raina, wannan ko wawa ne ko mai kyauta. Sai da na shiga gidansa na gane duka biyun ne."

Mintu ta fashe da dariya, Nyandu ya kusa ɓata kiɗa. Tinni yana dariyar shi ma, hawaye na bin gemunsa. Inna ba ta dube shi ba, ta dai gyara zama ta matsa gefe a kan tabarmar.

"Ce wa wancan mai tasin ya daina tsaya mini a ka. Ya zauna, labarin da tsawo."