Takalmin Daroga

Tota ya danna ƙafar zakaran cikin kwanon ruwan ɗumi da gishiri, ya ƙara matse shi a hammata. Zakaran, mai suna Daroga, ya kai masa sara a gwiwar hannu, amma saran ba ƙarfi. Abin da ya fi tayar wa Tota hankali ke nan. Da zakaran lafiyarsa ƙalau, da yanzu jini na zuba.

A ƙofar madafa, mahaifiyarsa Inna Jobeda tana wasa wuƙa a kan dutsen niƙa.

"Jiƙa shi da kyau," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ka rage mini aikin wanke ƙafa."

"Inna, ba za a yanka shi ba."

"To ni za a yanka? Yau mijin yayarka zai fara taka gidan nan tun bayan biki. A gidan wa ka taɓa jin an ajiye wa sabon suruki faranti babu zakara sukutum a kai?"

"Akwai kajin gona a kasuwa. Bari in hau kekena yanzu in kawo."

"Farar kazar nan mai kama da auduga? A gaban suruki? So kake a kai labarinmu har garinsu Bhairab." Ta gwada kaifin wuƙar da babban yatsa. "Dube shi. Tun shekaranjiya bai taka ƙafar nan ba, bai ci ba. Mu yanka mu ci halal, ko mu jira gobe mu jefar da mushe."

Tota ya san ta fi shi gaskiya a wannan. Ya ɗago ƙafar ya duba. Tafin ya kumbura kamar ƙwallon goriba, da zafi, ga wani baƙin ɓawo a tsakiya. Ya sayo aidin na wanke ciwo da auduga da sabuwar reza a kantin magani tun da safe, sai dai aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Dole wani ya riƙe, kuma Inna ta rantse hannunta ba zai taɓa zakaran ba sai wurin fige shi.

Duk garin Sarail an san zakarun faɗa na marigayi Hashmot, mahaifin Tota, dogaye masu wuya kamar na raƙumi, irin da ya gada wurin kakansa. Bayan rasuwarsa cuta ta share akurkin, kaji biyu suka tsira da namiji ɗaya. Shi ne Daroga, mai tafiya ƙirji a gaba kamar sufeton 'yan sanda, ma'anar sunan ke nan a yarensu. In aka yanka shi, irin ya ƙare. Tota ya bar makaranta, ya bar shagon walda, ya bar aikin jirgin ruwa, kekensa mai batir na ɗaukar fasinja ma kullum cewa yake zai sayar ya tafi babban birni Dhaka. Zakaran nan ne kaɗai abin da bai taɓa cewa zai bari ba.

Aka ji sallama a waje. Inna ta yi wuf ta ɓoye wuƙar, ta ja gefen zanenta ta rufe kai.

Yayarsa Shiuli ce ta fara shigowa, ta ƙara haske da ƙiba, bayanta mijinta Mokbul cikin farar riga, riƙe da tukunyar kindirmo mai zaƙi da kwalin alewa. Gajere ne mai fara'a, ɗinkin takalma yake yi a Bhairab. Ya durƙusa ya taɓa ƙafar Inna, ita kuwa sai "sannu ɗana, sannu ɗana" take yi tana kallon ƙasa.

Aka shimfiɗa tabarma a baranda, aka jero wainar shinkafa mai kwakwa. Inna ta leƙa bayan madafa ta yi wa Tota tsawa a hankali: "Ajiye wannan gurgun ka zo ka wanke wa surukina hannu!"

Tota ya kifa wa Daroga kwando. Yana ɗaukar buta wata dabara ta faɗo masa.

Al'ada ce, ƙanin amarya ke wanke wa ango hannu, kuma ba ya sakin hannun sai an ba shi tukuici. Ango mai mutunci ba ya gardama. Tota ya zuba ruwa, ya shafa sabulu, ya damƙe wuyan hannun Mokbul.

"Ɗan fashi," Mokbul ya ce yana dariya, ɗaya hannun na laluben aljihu. "Na zo da shirina. Faɗi."

"Bar aljihunka, Dulabai." Haka suke kiran mijin yaya. "Abincin ranarka nake so."

"Abincina?"

"Yana can ƙarƙashin kwando, da ransa. Naka ne, Inna ta ba ka. Ni kuma na roƙa."

Shiuli ta zaro ido. "Daroga za a yanka? Inna!"

"Ke rufe mini baki. Kai kuma mara kunya, sake shi!"

"Ai ba zan saki ba. Sabulu ya bushe masa a hannu."

Mokbul ya yi tagumi da hannun da ya rage. "Tun daga Bhairab nake haɗiyar yawu. Abokan aikina cewa suka yi in na ci zakaran Sarail zan iya dukan mutum uku."

"Haƙoranka za ka bari a faranti. Naman nan ya fi tafin takalman da kake damfarar mutane da su tauri."

"Ji ɗan banza! To na ba ka. Sake ni kafin waina ta huce."

Inna ba ta iya musa wa suruki a gabansa, amma ba a kayar da ita da sauƙi. Ta juya tana magana da ginshiƙin baranda.

"Kyautar ɗana kyauta ce. Sai dai ni ba na ajiye abin da zai mutu. In ladan ya kira azahar zakaran nan bai tsaya da ƙafa biyu ba, zan aika a kira shi da wuƙarsa."

Mokbul ya ci waina biyu a tsaye, ya naɗe hannun farar rigarsa. Suka lulluɓe Daroga da tsohon zanen Hashmot, suka rufe masa kai don ya natsu, suka kwantar da shi a cinyar ango. Shiuli ta tsuguna da auduga.

Jiƙon ya tausasa ɓawon. Tota ya wanke hannu, ya shafa aidin, ya bi gefen baƙin da bakin reza a hankali. Hannun da ba ya iya zama wuri ɗaya yau ya natsu. Ɓawon ya ɗago, ruwa-ruwa ya biyo baya, wari ya tashi.

"Wayyo rigata," in ji Mokbul. "Wannan ne abin da za a ba ni in ci?"

"Riƙe dai, mai takalmi."

Tota ya matsa gefen kumburin da yatsu biyu. Ba abin da ya fito. Ya sake jiƙawa, ya sake matsawa. Daroga ya yi wata ƙara a cikin zane, sannan ya saki jiki gaba ɗaya, har Shiuli ta ce innalillahi. Tota ya tsaya, ya sa tafin hannu a ƙirjin zakaran. Zuciya na bugawa. Gumi na shiga masa ido. Ya lura rana ta kusa tsakiya, Inna kuma ta ɗora babbar tukunyar ruwan zafi a murhu, irin ta fige kaza.

Ya canja wurin yatsunsa, ya matso daga tsakanin yatsun ƙafar zuwa tsakiya. Sai ga shi ya ɓullo, dunƙulen mugunya mai tauri kamar cuku, ya kai girman gyaɗa, ya faɗo a tafin hannunsa ɗungurungum.

"Allahu akbar!" Mokbul ya yi ihu kamar shi ya haifa.

Tota ya murje dunƙulen. A cikinsa akwai wani ɗan jan abu mai kaifi. Ya ɗaga shi a rana.

"Ɓaraguzan bulo ne," in ji Shiuli.

Duk suka waiga tsakar gida. Bikin ya faɗo cikin damina, gidan ya zama taɓo, Inna ta sa aka farfasa jan bulo aka baza ko'ina don kada takalmin ango ya ɓaci. Daroga kuwa a reshen mangwaro yake kwana, kullum asuba daga can yake dirowa da duk nauyinsa a kan tsinin bulon.

"Ashe ni na gurgunta shi," Mokbul ya ce. "Kuma na zo in cinye shi. Kai, ban yi halin kirki ba."

Inna na madafa tana jin su. Motsin ludayi ya tsaya.

Tota ya wanke ramin da aidin, ya cusa auduga, ya naɗe. Suka ajiye Daroga a kan tabarma. Ya miƙe, ya sa ƙafar a ƙasa, ya janye ta da sauri, ya tsaya da ɗaya yana layi. Sannan ya kwanta.

"Ciwon yake takawa," in ji Mokbul. Ya kama ƙafar yana juya ta yadda yake juya ƙafar mai saye. "Shiuli, ba ni silifas ɗinki."

"Sabo ne fa! Kai ka yi mini shi."

"Zan yi miki wani. Wannan mai sayen ya fi ki gaggawa."

Ya karɓi rezar, ya yanko roba mai laushi daidai faɗin tafin zakaran, ya huda tsakiyarta don kada ciwon ya taɓa komai, ya yi wa kowane yatsa hanya. Ya ɗaure da tsumma, yana ratsa shi tsakanin yatsu, ba tamau ba. Yana ƙulla bakin tsumman lasifikar masallaci ta yi tari.

Suka sake ajiye shi. Ladan ya fara kira. Inna ta fito ta tsaya a ƙofar madafa, hannu a ƙugu.

Daroga ya dubi abin da ke ƙafarsa, ya sare shi sau biyu. Ya sauke ƙafar. Ya ɗan jingina a kanta, ya jira zafin da ya saba ji, bai ji ba. Ya taka. Ya sake takawa, ƙirji ya fito gaba. Ya nufi farantin ango kai tsaye ya figi waina, ya haɗiye. Ya miƙa dogon wuyan nan ya buga fukafukai, ya yi cara har ta danne muryar ladan.

Tota ya yi tsalle ya rungume Mokbul, suka faɗi tare a kan tabarma. Shiuli na tafi da silifas ɗaya a ƙafa. Yaran maƙwabta suka hau katanga suna ihu a zo a ga zakara da takalmi.

Ranar, ango ya ci shinkafa da kifin da Tota ya jefa taru ya kamo a kududdufin bayan gida, da miyar wake. Ya ƙara har sau biyu, ya ce shi ne suruki na farko a Sarail da abincinsa ya ci masa abinci.

Da la'asar Tota ya shimfiɗa ciyawar shinkafa a akurki, inda Daroga zai riƙa kwana a ƙasa har ramin ya cike. Kullum sai an kwance an wanke an sake ɗaurewa, maganar Dhaka sai wani jiƙon. Yana fitowa ya ji ƙarar abu na zuba a kwando. Inna ce tsugune a ƙarƙashin mangwaro, tana tsince jan bulon da hannu.

Ya buɗe baki zai yi magana.

"Kar ka ce komai," ta ce. "Ni ma ƙafata suke soka."