Gonar Hure

Shekara ashirin da huɗu Alhaji Ikrima ya yi a Majalisar Wakilai, kuma shekara ashirin ke nan rabon da Malam Sha'aban ya saka ko ƙwayar gero a gonarsa ta bakin hanya.

A ƙasar Bici, inda ake rigima har gaban dagaci a kan kunya guda, barin gona irin wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ita ce ta fi shan taki a Unguwar Mati. Amma shekarar da matar Sha'aban, Hure, ta rasu a kan amalanke, tana naƙuda, ba a kai asibitin Bici ba, Onarabul Ikrima ya zo ta'aziyya har da hawayensa. Ya ce fili kawai yake nema, asibiti kamar an gama. Sha'aban bai yi shawara da kowa ba, ya miƙe a gaban liman da shaidu ya ce ya ba da gonar wakafi. Aka kafa dutse, aka rubuta: Asibitin Haihuwa na Hure.

Daga nan sai abin ya zama kamar damina. Duk shekara huɗu motoci su zo, a kafa sabon dutse kusa da tsohon, a raba atamfa da sabulu, a tafi. Duwatsu biyar suka jeru. Sha'aban ne mai nome ciyawar da ke kewaye da su, yana aikatau a gonakin mutane don ya ci da iyalinsa. Sau biyu ya je wurin liman, sau biyu aka gaya masa abin da ya sani: abin da aka ba Allah ba a karɓewa.

Bana Onarabul ya gaji, wai zai huta. Ya zo ban kwana, ya kawo ɗansa Fatihu don a san wanda za a dangwala wa. Sha'aban ya kwana uku yana shirya maganarsa. Ba zagi zai yi ba. Zai ce ne kawai a gina ko ɗaki ɗaya, ko kuma a faɗa masa gaskiya ya daina jira. Zuciyarsa cike take da ɗaci, bai kuma ɓoye wa kansa ba.

Aka kafa dutse na shida. Da aka zo gaisawa, wani ya raɗa wa Onarabul cewa ga mai filin. Shi kuwa dama da wannan ya ci zaɓe shida, kama hannu da kiran suna. Ya riƙe Sha'aban da hannu biyu, ya saci kallon dutsen, ya washe baki.

"Malam Sha'aban, mutumina! Ya iyali? Ya Hajiya Hure, tana nan lafiya?"

Liman ya sunkuyar da kai. Maimakon maganar da ya kwana uku yana shiryawa, sai bakin Sha'aban ya yi abin da aka koya masa tun yana yaro, in babba ya gaishe ka.

"Lafiya lau, ranka ya daɗe."

"Madalla. A gaishe ta, a ce mata asibitinta na nan tafe."

Motoci suka tashi. Sha'aban ya daɗe a tsaye. Da ya ga kowa ya watse, sai ya ɗauki fartanyarsa ya fara nome gefen sabon dutsen.