Gidan Gwajin da Aka Ba Ajuma

Damanar da ruwa ya ci unguwarsu a Dogon Dutsi, Ajuma da mijinta Manu sun tsira da awaki bakwai da tukunyar tuwo. Aka zuba su a azuzuwan lakwal tare da maƙwabta, da za a koma karatu kuma kowa ya kafa bukkar kara inda ya samu.

A lokacin ne Abdulmajid ya zo. Injiniyan gini ne, ɗan garin, ya yi karatu a Yamai ya dawo da niyyar gina gidaje ɗari uku masu sauƙin kuɗi a wani fili bayan gari. Hukumar gari ta ba da filin, amma ginin sai an samo manyan masu zuba jari, su kuwa ba sa sakin dukiyarsu a kan zanen takarda. Don haka ya gina gida ɗaya na gwaji, ɗaki biyu da makewayi da famfo, ya nemi iyalin da za su zauna ciki kyauta don baƙi su gani da idonsu. Aka yi ƙuri'a ta faɗa kan Ajuma. Mata suka yi ta guɗa.

An karanta mata sharuɗɗa kafin ta dangwala yatsa, amma murna ba ta bar ta ta saurara ba. Sai daga baya ta gane su ɗaya bayan ɗaya. Ba a hura icce a tsakar gida, kada hayaƙi ya ɓata fenti. Ba a kafa ƙusa a bango. Ba a ɗaure dabba. Duk ranar da aka ce baƙi na tafe, dole a same ta a gida.

Manu makiyayi ne tun tasowarsa. Ya yi sati biyu yana zaga gidan kamar baƙo, sannan ya kora awakin zuwa wurin ƙanensa a Kieshe, ya ce zai riƙa leƙowa ranar kasuwa. Ajuma ta rage ita kaɗai a tsakiyar fili, babu maƙwabci sai turakun da aka kakkafa na shaidar gidajen da ba a gina ba. In ta yi daka, babu turmin da ke amsa mata.

Baƙi suka yi ta zuwa cikin manyan motoci. Su buɗe famfo, su ƙwanƙwasa bango, su ɗauke ta hoto a bakin ƙofa, su tafi. Kashegari tsofaffin maƙwabtanta su tako har nan su tambaye ta abin da aka ce. Altine, wadda suka yi shekara ashirin katanga ɗaya, har ta zaɓi turken da take so a gina mata gida kusa da na Ajuma.

A shekara ta biyu aka zo da wata mata, wakiliyar wani babban asusu na ƙasar waje. Ita ba ta taɓa famfo ba. Ta zauna a tabarma ta ce a tambayi uwar gida yadda take jin zaman. Ajuma ta daɗe ba wanda ya yi mata wannan tambaya, sai bakinta ya buɗe. Ta ce gini ya yi kyau, ruwa bai taɓa zuba mata ba. Amma gidan ya raba ta da mijinta, don ba a yi wa akuya wuri ba, kuma mutanenta ba masu albashi ba ne, abin hannunsu sai kaka ko in an sai da dabba. Abdulmajid ya juya maganar da Faransanci a taƙaice. Matar ta yi murmushi ta rubuta wani abu.

Da motoci suka tashi Ajuma ta tare shi.

"Ɗana, mi kac ce mata? Na yi magana mai tsawo, taka ko numfashi guda ba ta kai ba."

Ya sunkuyar da kai. "Inna, na ce kina jin daɗin gidan."

Ta ce to ga makullinsa, ita Kieshe za ta. Bai yi mata gardama ba. Ya zauna a dakalin ƙofa ya gaya mata gonar mahaifinsa ya sayar ya yi wannan gini, 'yan uwansa har yau ba sa gaishe shi. Ya ce masu kuɗin nan gida ɗari uku ƙaramin abu ne a wurinsu, da ƙyar yake jawo su har nan Dogon Dutsi. In suka ji iyalin farko sun gudu, magana ta mutu, mutanen bukkoki kuma su ci gaba da zama a kara.

Ta riƙe makullin a hannu har ya yi zafi. Daga nesa ta hango Altine tafe, da goyon jika, tana sauri don jin labari. Ajuma ta mayar da makullin bakin zanenta ta ɗaure.

Asusun matar ya aiko da amsa bayan wata huɗu: suna so, amma sai an samu wani babban mai zuba jari ya fara sa kuɗinsa. Abdulmajid ya ci gaba da neman wannan babban.

Ana cikin haka ɗiyar Ajuma, Husna, ta haihu a Tibiri, haihuwar fari. Ranar suna ta zo daidai da ranar da wasu baƙin za su iso daga Yamai. Ajuma ta ɗaure zane biyu da sabulu ta ba mai mota ya kai, ta ce a gaya wa Husna tana tafe in an kwana biyu. Sannan ta share tsakar gida, ta yi wanka, ta zauna jira.

Da la'asar Abdulmajid ya kira ta a waya, muryarsa ƙasa-ƙasa. Baƙin sun ɗaga tafiyar zuwa jibi, ko gata. Ya roƙe ta kada ta yi nisa.

"Ina nan," in ji ta.