Aikin Inna a Ranar Fiɗa

A ofishin masu rubuta manhajar kwamfuta inda Inna ke aiki, akwai wata al'ada da suke kira fiɗa. Duk wanda ya gama rubutunsa, sai a haska shi a babban allo, a zauna a bi shi layi-layi ana tono kurakurai. Inna ce ta kawo al'adar, tun ofishin yana ɗaki ɗaya da fanka mai ƙara. Takan ce sukar aiki girmama shi ce, don babu mai ɓata lokacinsa a kan abin da ya raina.

Sai ga shi an daina fiɗe nata. Da ta miƙa aiki, kafin ta gyara zama an amsa: "Ya yi, Inna, Allah ya ƙara basira." Da fari ta ji daɗi, wa ke ƙin yabo? Daga baya ta gane ba karantawa suke yi ba, furfurarta suke dubawa. Abin ya riƙa cin ta a rai. So take ta sani, har yanzu ana lissafi da ita a sana'ar nan, ko lallaɓa ta kawai ake yi ta kai ritaya?

Ta sami Dogo, wanda teburinsa ke jikin nata, ta miƙa masa sabon aikinta.

"Shigar da wannan da sunanka."

"Haba Inna, so kike su cinye ni ɗanye?"

"Kai dai yi. Tsawonka ya isa su ƙoshi har su bar saura."

Ranar fiɗa aka haska aikin. Wadda ta fara magana ita ce Barkono, matar da ba don Allah aka laƙaba mata wannan suna ba.

"Dogo, wa ka rubuta wa wannan, na'ura ko mutum? Komai ka raɗa masa suna da harafi ɗaya tak, sai ka ce rowar haruffa kake yi. Wanda zai gyara shi baɗi, boka zai nema ya fassara masa?"

Aka bushe da dariya. Wani ya ƙara da cewa wannan matse-matsen sai kwamfutar zamanin da, mai ƙwaƙwalwa kamar ta kaza. Dogo ya sunkuyar da kai yana shan dukan da ba nasa ba.

Inna ta ji zafi har cikin ƙashi. Ta manta haka suka take da ciwo. Ita da ta koyi aiki lokacin da ake yaba wa mutum in ya rage ko da harafi ɗaya ne! Ba ta san lokacin da bakinta ya kuɓuce ba.

"A zamaninmu wanda ya ɓarnatar da wuri shi ake yi wa dariya! Shi ya sa na taƙaita."

Kowa ya gane mai aikin.

"Au, ashe naki ne, Inna?" in ji wanda ya yi zancen kaza. "To ai in an duba da kyau, ya yi. Mu ne ba mu fahimta ba."

Wannan ya fi dariyar yi mata ciwo. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, kowa na kawar da ido.

"Kada wanda ya janye maganarsa," ta ce. "Don Allah. Ban mutu ba tukuna."

Can Barkono ta yi gyaran murya, ta nuna allo.

"To Inna, ki yi haƙuri, layin da ke ƙasa ya fi wannan muni. In aka bar gurbin nan babu komai, manhajar gaba ɗaya tsayawa za ta yi."

Inna ta ƙura wa layin ido. Gaskiya ne, kuskure ne ɓaro-ɓaro, kuma nata ne. Ta share ido da gefen mayafi, ta jawo kujerarta kusa da allon.

"Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Ci gaba."