Kitsen da Na Musanya

Shekara goma sha ɗaya ina tara wa Likita Solbai kitsen karen teku, wata dabbar ruwa da muke farauta muna ci. Duk shekara idan ƙanƙara ta saki, takan zo ƙauyenmu daga ƙasar Denmak ta bar mini 'yan kwalabe. Aikina in yanki kitsen duk dabbar da na harbo, in sa a kwalba, in rubuta tsohuwa ce ko ƙarama. Ta ce teku na kwaso gubar masana'antu daga nesa, gubar na taruwa a kitse, kuma tsohuwar dabba ta fi tara ta.

Ƙillak, abokin farautata, ya ce, "Aputsiyak, kai dai wawa ne. Da hannunka za ka sa a hana mu farauta. Ran nan sai ka dafa kwalaben ka ci."

Maganar ta shige ni. Na koma yankar kitsen ƙananan ina rubuta "tsohuwa". Haka na yi shekara shida.

Solbai ta zo da murna, wai guba na raguwa a gaɓarmu. Aka cire takardar da ke gargaɗin masu ciki kan cin kitsen daga bangon asibiti. Lokacin 'yata Ibalu na da cikin fari. Ni da kaina nake zaɓo mata kitse da hanta, ina cewa, "Ci ki ƙoshi, likita ma ta ce ba komai."

Bayan ta haihu aka auna jinin masu jego. Solbai ta same mu a gida, Ibalu na ba jariri nono.

"Ban gane ba," in ji ta. "Gubar ta ragu a dabbobi amma ta ƙaru a jinin mata. Ko ni ce na yi kuskure?"

Na ga tana neman ɗora wa kanta laifi. Kaina a ƙasa na faɗa mata komai.

Ibalu ta ce, "Baba, kana sane kake zuba mini?"



A taron ƙauye na miƙe na maimaita a gaban mazan da matansu suka ci. Ƙillak yana ta kallon takalminsa. Ba a hana farauta ba, tsofaffin dabbobi kawai aka ce masu ciki su guje wa.

Jikana yanzu shekararsa uku. Likitoci sun ce sai ya fara makaranta za a san ko gubar ta taɓa shi. Ibalu na kawo mini shi kullum, amma ba ta barin in ba shi komai a baki.