Hucin Bakin Harmen

Wata takwas ke nan robar Wietske ta ƙi warkewa. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana haɗa ta, roba mai taurin tsiya wadda in an yanka ta da reza aka haɗa bakin yankan, sai ta manne da kanta kamar ba a taɓa ta ba. Da can tana yi, akwai hotuna, akwai takardu. Sai rana ɗaya ta daina. Yanzu ko an danne ta kwana uku, ana ja sai ta rabe biyu. Ran Litinin kwamitin cibiyar binciken da take aiki zai zauna, kuma shugaba ya riga ya gaya mata a bakin injin kofi, da fara'ar nan tasa mai ban haushi, cewa in robar ba ta warke a gabansu ba za a rufe aikin.

Ta gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta. Ta canza sinadari, ta canza reza, har masu kawo musu kaya ta zazzaga wa masifa a waya alhali ba ruwansu. Ran Juma'a tana cin burodi da cuku a tsaye, ta buɗe tsohon littafin gwaji tana bin ranaku da yatsa. Gwajin ƙarshe da ya yi kyau, sha huɗu ga Maris. Sa hannun da ke ƙasa na Harmen ne.

Harmen shi ke yanka robar yana haɗawa tun farkon aikin. Ita da kanta ta kai ƙararsa a watan nan na Maris, don ya ƙi aiki a cikin akwatin gilashin da ta sa aka sayo, mai hana iska da danshi taɓa kaya, ga shi ba ya shiri da safar hannu. Ta rubuta cewa aikinsa ba tsabta. Aka sallame shi da furanni da kek, aka kira abin ritaya.

Ta hau kekenta cikin yayyafi, iska na tura ta baya, har lambun da yake haya a bayan layin dogo. Ta same shi a rumfa yana gyaran albasa.

"A'a, Dakta da kanta!" in ji shi. "Ɓatan hanya kika yi, ko faratana kika zo dubawa?"

"Harmen, bar ni da abin da ke damuna. Ta daina warkewa."

"Na ji labari."

Ya zuba mata kofi, ya ba ta biskit ɗaya, ya rufe gwangwanin. Ta ciro ɗan tsinken roba da reza daga aljihu ta ajiye a kan tebur.

"Nuna mini yadda kake yi. Kar ka tsallake komai."

"Ai duk yana rubuce."

"Na bi rubutun nan ya fi sau ɗari uku. Don Allah ka yi."

Ya goge hannu a wando, ya yanka robar gida biyu. Ya ɗaga gutsattsarin zuwa bakinsa, ya yi musu huci sau biyu kamar mai shirin goge tabarau, sannan ya haɗa ya danne da babban yatsa.

"Tsaya! Mene ne wannan?"

"Wanne?"

"Hucin da ka yi mata!"

"Oho, wannan? Ƙura nake korewa. Wane mahaukaci ne zai rubuta wannan a littafi?"

Nan take Wietske ta gane. Danshin numfashi da ɗuminsa ke tayar da bakin yankan. Ita kuwa wata takwas tana tsare robar a akwati busasshe ƙayau, tana alfahari da tsabta. Da suka gama kofin Harmen ya kama gefe biyu ya ja da ƙarfi. Robar ta miƙe, ta miƙe, ba ta rabe ba.

Ta ɗauka za ta yi murna. Kunya ce ta rufe ta.

"Ka dawo," ta ce. "Zan gaya wa shugaba kuskurena ne. Sunanka zai hau takardar binciken, a sama ma."

Ya daɗe yana juya robar a hannu.

"Ke kika manna mana ƙa'ida a bango, ko kin manta? A haɗa yanka kafin minti goma. In ya wuce haka bakin ya mutu, ko me aka yi masa." Ya miƙa mata robar. "Wata takwas, Wietske. Ko waya ba ki yi ba."

Ta karɓi robar.

"Tafi da ita, ran Litinin ki hura mata da kanki," ya ce, ya koma kan albasarsa. "Ki ja mini ƙofar lambun da kyau, ba ta rufuwa sai an ja."